RUBUTACCEN SHIRI: Manhajar sata da kebul na jabu a garejin mota

Kamar yadda muka saba, ga shirin wannan makon mun mayar da shi rubutu, saboda waɗanda datarsu ba ta kai su saurara ba, da masu son ajiyewa su karanta a tsanake.

Yau gareji za mu shiga. Duk wanda yake leƙa Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, ya san yanzu akwai wata sana'a da matasa suka rungumi hannu bibbiyu, wato yi wa mota sikanin. Za ka ga saurayi zaune a kujerar direba, laftof a kan cinya, waya ta sulale ƙarƙashin sitiyari. Sana'a ce mai kyau, kuma muna so matasanmu su ƙware a kanta. Sai dai da yawa suna farawa ne da kebul na jabu da manhajar da aka fasa, wadda ake cewa kirak. To yau kan wannan za mu tsaya.

Abu ɗaya nake so ku riƙe tun daga farko. Akwai karanta mota, akwai rubuta wa mota. Idan kana karatu da kayan jabu, abin da za ka iya fuskanta shi ne a faɗa maka ƙarya. Idan kuwa rubutu kake yi, za ka iya kashe motar da ta shigo gareji da ƙafarta.

ME KE ƘARƘASHIN SITIYARI?

Wannan soket ɗin da ake soka waya a ciki sunansa OBD-II, kuma ramuka 16 gare shi. Amurka ta wajabta shi a motoci tun daga ƙirar 1996. Turai ta biyo baya, motocin fetur a 2001, na dizal a 2004. Tunda yawancin motocin da muke hawa tokumbo ne daga can, shi ya sa kusan kowace Corolla, Camry, Accord, Golf ko 406 ta ƙarshe-ƙarshe za ka same shi a jikinta.

Kowane rami da aikinsa. Na 16 wutar batir ce kai tsaye, ko an kashe mota yana da wuta. Na 4 da na 5 su ne na ƙasa. Na 6 da na 14 su ne layin da ake kira CAN, wanda kamfanin Bosch na Jamus ya fito da shi a 1986, Amurka kuma ta wajabta amfani da shi a wannan soket ɗin daga 2008. Ta wannan layi kwamfutocin cikin mota suke magana da juna: ta inji, wadda ake kira ECU, makanikanmu kuma suke cewa biren bos, da ta giya, da ta birkin ABS, da ta jakar iskan nan mai tare direba idan an yi hatsari, da ta makulli.

Kun ga ke nan duk wanda ya soka waya a nan ya shiga tsakiyar hirar waɗannan kwamfutoci. Yana jin abin da suke faɗa, kuma shi ma zai iya sa baki.

DAGA INA JABUN YA FITO?

Bari in ba ku labarin ɗan ƙaramin abin nan shuɗi da ake sayarwa a intanet ƙasa da dala 10, wanda aka rubuta ELM327 a jikinsa. Asalinsa IC ne na wani kamfani a Kanada mai suna Elm Electronics. Lokacin da suka fitar da sigar farko, ba su kulle manhajar da ke cikinsa ba. Sai wasu suka kwafe ta, suka riƙa zuba ta a IC masu araha suna sayarwa. Har ma suka riƙa rubuta v1.5 a jiki, alhali kamfanin bai taɓa fitar da wata siga mai wannan lambar ba. Saboda haka idan naka v1.5 ne, ba sai ka tambayi kowa ba, jabu ne. Shi kansa kamfanin ya rufe a 2022, amma har yau ana ta buga sababbi da sunansa.

Haka abin yake a manyan kayan. Toyota tana da manhajarta, Techstream. Honda tana da HDS. Peugeot da Citroën suna da Diagbox. Mercedes tana da Xentry, BMW tana da ISTA. Masu Volkswagen da Audi kuma sun san VCDS ta kamfanin Ross-Tech na Amurka. Kowace ɗaya akwai kebul ɗin da aka gwada ta da shi, kuma kowace ɗaya an yi jabun kebul ɗinta, ana haɗa maka da faifai ko a turo maka wurin da za ka sauke manhajar da aka fasa.

Mai yin jabu ribarsa tana cikin abin da ya rage. Zai cire abin da ke kare layi idan wuta ta yi tsalle. Zai sa IC mai rauni. Zai yi walda ta gaggawa. Wasu ma an same su da ƙarin rizisto tsakanin rami na 6 da na 14, wanda yake dagula layin CAN, sai ka ga ana soka shi fitilun dashbod sun fara kunna kansu. Daga waje kuwa kwalin iri ɗaya ne da na gaske.

Akwai wani abu da ya faru a Oktoba 2014 da ya kamata ku sani. Yawancin waɗannan kebul suna amfani da IC na wani kamfanin Sikotland mai suna FTDI domin su yi magana da kwamfuta ta USB. Da jabun IC ɗinsu ya yi yawa a kasuwa, sai kamfanin ya saki sabuwar direba, wato ƙaramar manhajar da ke haɗa na'ura da Windows, ba direban mota ba. Duk IC na jabun da ta gano sai ta mayar da lambar shaidarsa sifili, kwamfuta ta daina ganinsa. Mutane suka wayi gari kayan aikinsu sun daina amsawa. An yi ta surutu har suka janye ta, amma a 2016 suka dawo da wata dabarar, inda direbar take cusa saƙon cewa na'urar ba ta gaske ba ce a cikin bayanan da ke wucewa. Yanzu ku auna, a ce wannan ya faru kana tsakiyar aiki a kan motar wani.

IDAN KARATU KAWAI KAKE YI

Wani zai ce, ai ni lambar matsala kawai nake dubawa. To, gaskiya haɗarin nan ya fi sauƙi, amma akwai shi.

Lambobin matsala kashi huɗu ne. Masu farawa da P na inji da giya ne, B na jikin mota, C na ƙasan mota kamar birki da sitiyari, U kuma na sadarwa tsakanin kwamfutocin. Ɗan ƙaramin ELM327 yawanci na P yake gani, su P0300 na inji mai tsallake wuta, ko P0171 na iska ta fi mai yawa, ko P0420 na katalis. Idan na jabu ne, wasu umarnin ma bai san su ba, wasu motocin kuma ba ya iya magana da su ko kaɗan. Sai ya nuna maka babu matsala, alhali bai shiga ɗakin da matsalar take ba. Ka sallami mai mota, ya hau titin Kano zuwa Zariya da ABS ɗin da ba ya aiki.

Ita kuma manhajar da aka fasa a daskare take. Ba ka isa ka sabunta ta ba. Masu VCDS na jabu sun san wannan, domin lasin manhajar a cikin kebul ɗin yake, kuma da zarar ka bari ta sabunta kanta ta gane jabu ne, shi ke nan kebul ya tashi daga aiki. To manhajar da ta tsaya shekaru a wuri ɗaya, idan ta haɗu da motar da ta girme ta a fasaha, za ta iya ba ka fassarar lamba da ba daidai ba. Mai mota ya sayi sensa, ya sayi koyil, ya sayi injekta, fitilar cek tana nan daram. Kuɗinsa ya tafi, kai kuma sunanka ya ɓaci.

IDAN KA FARA RUBUTU

A nan ne maganar take. Duk wanda ya taɓa kai wayarsa Farm Centre a yi mata filashin ya san abin da ake cewa: kada a taɓa waya har sai ta gama. Dalili kuwa shi ne sai an goge tsohuwar manhaja kafin a zuba sabuwa. Tsakanin gogewa da gama zubawa, na'urar ba ta da komai a kai. Haka ƙwaƙwalwar mota take, sai dai ita tsadarta ta wuce ta waya, kuma ita ce ke riƙe da inji.

Abubuwa uku ne suke katse wannan aikin. Na ɗaya, kebul. Filashin yana bukatar a yi ta tura bayanai na mintuna ba tare da yankewa ba, kuma a kan lokaci. Kebul na jabu zai iya karanta lamba lafiya lau sau ɗari, amma a wannan dogon aikin ya sarƙe. Ɗan kebul ɗin nan Mini VCI da ake haɗawa da Techstream ta sata ya yi suna a kan haka, shi ya sa ko masu amfani da shi suke gargaɗin kada a yi filashin da shi.

Na biyu, wuta. Kamfanonin mota suna cewa a jona wa mota na'urar da za ta riƙe ƙarfin batir a tsaye har a gama, domin makulli yana kunne, inji a kashe, fanka ma za ta iya tashi ta ja wuta. A wajenmu sai a ƙara da wata: laftof ɗin gareji sau da yawa batirinsa ya mutu, da wutar NEPA ko janareto yake rayuwa. Aka ɗauke wuta, ko mai ya ƙare, an gama.

Na uku, fayil. Mota ɗaya, shekara ɗaya, amma ta kasuwar Amurka daban, ta Turai daban, ta ƙasashen Larabawa daban. Manhaja ta gaske tana duba lambar shasi, ta tambayi rumbun kamfani wane fayil ya dace. Wadda aka fasa an yanke ta daga wannan rumbun, sai ka koma neman fayil a zaurukan WhatsApp da Telegram, ba ka san wa ya taɓa shi ba.

Idan aikin ya katse, wani lokacin ana iya farfaɗo da ECU ɗin, wani lokacin sai an cire shi an buɗe, wani lokacin kuma sai dai a sayi wani. Kuma sayen wani ba shi ne ƙarshe ba, domin dole a haɗa shi da tsarin tsaron makulli, in ba haka ba motar za ta yi ta juya inji ba ta tashi. Garin neman gira an rasa ido ke nan.

Ba filashin kaɗai ake kira rubutu ba. Ƙara sabon makulli rubutu ne, kuma idan ya lalace a tsakiya za ka iya goge tsofaffin ba ka shigar da sabon ba. Shigar da lambar injekta a Hilux mai dizal rubutu ne. Saita sensar sitiyari bayan an yi alaimen rubutu ne, kuma idan ba a yi daidai ba, tsarin da ke hana mota zamewa zai iya taka birkin taya ɗaya a inda bai kamata ba. Tilasta wa motar dizal ta ƙona toka a matatar hayaƙinta umarni ne da yake kai zafi wajen digiri 600, ba aikin da za a yi a kan busasshiyar ciyawa ko kusa da jarkar mai ba ne. Mafi muni kuma shi ne masu kashe fitilar jakar iska ta hanyar wasa da kwamfutarta, alhali jakar ta riga ta fashe ba a sa wata ba. Wannan wasa da ran mutum ne.

LAFTOF ƊINKA FA?

Yanzu mu bar mota, mu dawo kan kwamfutar. Mene ne abu na farko da mai kirak yake ce maka? Kashe antibairos. Na biyu, ka ba manhajar cikakken iko a kan kwamfutar. Zai ce maka antibairos ɗin ne yake kuskure. Wani lokacin haka ne, wani lokacin ba haka ba ne, kai kuma ba ka da hanyar bambancewa. Ka tambayi kanka, mutumin da ya zauna ya fasa manhajar kamfani ya raba ta kyauta, a ina yake cin ribarsa? Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Sannan da yawa daga cikinsu sai a tsohuwar Windows suke aiki. Microsoft ta daina kula da Windows XP tun Afrilu 2014, Windows 7 kuma Janairu 2020. Yawancin ƙofofin da aka gano bayan nan a buɗe suke. Ku tuna WannaCry ta Mayu 2017, wadda ta bi kwamfutocin da ba a sabunta ba ta kulle fayilolinsu tana neman kuɗin fansa. Har Renault sai da ta tsayar da aiki a masana'antunta. To ina ga laftof ɗin gareji?

Abin da ya sa wannan ya shafe ka sosai: a wannan laftof ɗin kake buɗe imel, a nan ka jona WhatsApp, a nan burauza ta ajiye kalmomin sirrinka, wani ma a nan yake shiga banki. Ga lambobin shasi da lambobin wayar kwastomomi. Ka tsere wa kuɗin lasin, ka miƙa makullin asusunka.

Shi ma ɗan abin nan mai Bluetooth da wasu suke bari a soke kullum, ku tuna rami na 16 ba ya mutuwa. Yana shan batir a hankali, kuma lambar haɗinsa yawanci 1234 ce ko 0000. A 2015 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego sun nuna yadda suka juya birki da waifar wata Corvette da saƙon tes, ta hanyar wata na'ura da aka soka a wannan soket ɗin. Idan ka gama aiki, ka zare.

ƘOFAR MA TANA RUFEWA

A Yuli 2015 wasu masana tsaron kwamfuta biyu, Charlie Miller da Chris Valasek, sun juya wata Jeep Cherokee daga nesa tana kan titi. Kamfanin Fiat Chrysler ya kira motoci miliyan 1.4 a gyara. Daga wajen 2018 suka fara sa mai gadi tsakanin soket ɗin da sauran kwamfutocin mota. Za ka iya karatu, amma rubutu, har da goge lamba, sai na'urarka ta yi rajista ta shiga intanet an tantance ta. Volkswagen ta kawo nata tsarin mai suna SFD daga Golf 8. Waɗannan motoci su ne tokumbon gobe. Matashin da ya gina sana'arsa a kan kirak, nan gaba kaɗan za a kawo masa motar da ba za ta amsa masa ba.

Ga kuma doka. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, ta haɗa da manhajar kwamfuta, kuma ta hana fasa kariyar da mai abu ya sa. Ko ba a zo maganar hukuma ba, motar mutane amana ce a hannunka. Idan kayan gaske ya ba ka matsala, akwai kamfanin da za ka kira. Idan na jabu ne, kai kaɗai za a riƙe wa wuyan riga.

TO YA ZA A YI, KUƊI SUN YI WUYA?

Na san wannan ita ce tambayar. Kayan gaske da dala ake sayensu, biyan kuɗi da katin naira ma wani aiki ne, kuma wasu kamfanonin ba kowace ƙasa suke sayar wa lasin ba. Ba wanda yake musun wannan. Amma akwai tsaka-tsaki.

Na farko, ba kowane kayan Chaina ne jabu ba. Launch da Autel kamfanonin Chaina ne, suna yin nasu na'urorin da lasin ɗinsu, suna sabuntawa, kuma suna da ƙanana da manya. Ka saya a wurin da za ka iya rajistar lambar na'urar da sunanka, domin su ma ana yin jabunsu.

Na biyu, don karatu a waya akwai adafta ta gaske irin OBDLink, da manhajoji halastattu irin Torque da Car Scanner. Masu Ford da Mazda akwai FORScan.

Na uku, akwai ƙa'idar da ake kira J2534, wadda take ba kebul ɗaya na gaske damar aiki da manhajojin kamfanoni daban-daban. Wasu kamfanonin suna sayar da lasin na ɗan lokaci, Toyota a Amurka tana da na kwana 2. Sai ka sa kuɗin a cikin kuɗin aikin.

Na huɗu, ku haɗa kai. Makanikai biyar ko goma a layi ɗaya za su iya yin adashi su sayi na'ura ɗaya mai kyau da na'urar riƙe batir.

Na biyar, idan abin da ke hannunka yanzu na jabu ne, kuma da shi kake koyo, to ka tsaya a karatu. Kada ka yi filashin, kada ka taɓa makulli, birki ko jakar iska da shi. Ka ware masa laftof ɗin da ba banki, ba imel, ba WhatsApp a kai. Aikin da ya fi ƙarfin kayanka ka tura wa wanda yake da na gaske. Faɗin haka ba ya rage maka daraja a wurin kwastoma mai hankali.

Ku kuma masu mota, kafin a soka waya ku yi tambaya uku. Karatu za a yi ko rubutu? Idan rubutu ne, da wace na'ura, kuma an jona abin riƙe batir? Idan ECU ya mutu a tsakiyar aiki, wa zai biya? Ku ce a nuna muku lambobin ku ɗauki hotonsu kafin a goge, domin goge lamba ba gyara ba ne, fitilar za ta dawo idan matsalar tana nan. Bakaniken da ya san aikinsa ba zai ji haushin waɗannan tambayoyi ba.

A nan za mu dakata. Idan kuna da ɗan'uwa ko aboki da ke koyon wannan sana'a, ku tura masa ya karanta. A shiri na gaba in sha Allahu za mu yi magana kan yadda ake gane motar da aka mayar wa da kilomita baya kafin a saya. Allah Ya sa albarka a sana'o'inmu, Ya tsare mu a kan hanya. Wassalamu alaikum.